Yabon da Ba Tubarkalla

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Daga Ige, 'yar mai ginar rijiya ta Illela, zuwa ga ƙanenta Sambo, wanda aka ce mana an gani can gaba da garin Tawa, kan hanyar Azbin, yana yi wa Buzaye ginar rijiya. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da tambayar lafiyarka da ta mutanen da kake ci a ƙwaryarsu. Mu nan lafiya muke, sai abin da ba a rasa ba.

Bayan haka. Na san takardar nan ba za ta iske ka ba sai ta bi hannu goma. Madugu Agali zai ba wani, wani ya ba wani, duk wanda ya iya ajami kuma sai ya buɗe ya leƙa. To, ku leƙa. Babu abin da zan faɗa wanda matan bakin rijiya ba su riga sun tauna sun tofar ba. Roƙona ɗaya ne, wanda ya gama karantawa ya miƙa ta gaba da wuri, don akwai wa'adi a ciki.

Wa'adin zan fara faɗa maka, don na san halinka, kana iya gajiya a tsakiya ka naɗe takardar ka cusa a aljihu. Mahaifin matarka Hajo ya kai magana gaban alƙali. Ya ce damina huɗu ke nan 'yarsa na zaune da igiyar aure, ba miji, ba aike, ba ko sallahu. Alƙali ya ji shaidar fataken da suka gan ka da ranka, ya ce a sanar da kai: ko ka dawo, ko ka aiko a kai maka iyalinka, ko ka sawwaƙe mata. In aka ga watan Layya ba ka yi ɗaya cikin ukun ba, shi zai raba auren da kansa. Takardarsa ta Larabci tana naɗe tare da tawa, layi huɗu ce kacal. Tawa ta fi tsawo, domin shi alƙali bai goye ka ba, ni na goye ka.

Duk kuma a kan me, Sambo? A kan 'yan kalmomin yabo da ka tsinta a bakin wani Bature da ya ratsa garinmu. In na tuna wannan sai in ji kamar in ajiye alƙalamin in ɗauki muciya.

Ka tuna shi ai. Dogon nan mai jan wuya da ya sauka gindin tsamiyar bayan gidanmu, yana jiran izini daga fada a Wurno kafin ya wuce. An ce kwana bakwai zai yi, ya share wata biyu. Yana da tafinta, wani Banufe da ya fi ubangidan nasa jin kai. Kai Baba ya sa ka riƙa kai musu ruwa, tunda rijiyarmu ta fi kusa. Ruwa aka ce ka kai. Ba wanda ya ce ka nemi wuri ka zauna.

Mutumin nan bai iya ganin abu ya yi shiru ba. Ya ga rumbu ya yaba, ya ga jakin liman ya yaba, ya ga faifan da ake rufe fura ya ɗaga yana juyawa yana yabo. Ran nan ya ga jaririyar maƙwabtanmu a bayan uwarta, ya tsaya yana washe baki yana zuba yarensu, uwar ta juya ta shige gida tana tofe-tofe. Mu ba mu riƙe shi da komai ba. Baƙo ne, ba ya salla, ba wanda ya taɓa gaya masa cewa ido na da nauyi, baki kuma ya fi shi. Aka dai riƙa kawar da yara daga hanyarsa, shi ke nan.

Kai kuwa ka bi ka liƙe wa tafintan. Ƙwan zabin da nake tarawa ka riƙa kwasa kana kai masa, ya sayar maka da kalma ɗaiɗai kamar mai sayar da goro. Ka dawo gida ka same ni ina kaɗi, ka zauna ka hana ni sakat da karatun da ban roƙa ba.

Har yau suna kaina. Ban so ba, sun maƙale mini kamar ƙarangiya a zane. Ka ce «gud» ita ce ta ƙasa, ta abin da ba laifi. In abu ya fi 'yan'uwansa sai a ce «ekisalan». In ya cika ido har mutum ya ja baya ya sake kallo, wannan «sifilandid». In hali ne ka gani a wurin wani har ka so a ce naka ne, «admirabul». Akwai wata «wandaful» da ka ce ta abin mamaki ce, amma ba ka cika sonta ba don Baturen yana faɗa wa har kunun tsamiya. Sai wadda ka fi riritawa, «komandabul», wadda ka ce ba a ba kyan jiki ita, sai aikin da mutum ya yi da hannunsa, wanda ya cancanci a kai labarinsa gaba a yaba wa mai shi.

Na ce maka mu ma ai ba matsiyata ba ne. Muna da madalla, muna da sambarka, muna cewa abu ya yi gwanin kyau, mu ce mutum nagari ne, managarci, ɗan halak, mu ce wannan aiki abin a yaba ne. Ka ce namu duk a dunƙule suke, nasu kuwa kowace da ma'auninta. Na ce to ina Allah a cikinsu? In mutum ya ga abu ya burge shi, da wace kalma yake mayar da kyan ga Mai shi, don kada ya bar shi tsirara a gaban ido? Ka ce wannan ba ka tambaya ba. Ƙwai nawa ka kai wa mutumin nan, ba ka sayi wadda ta fi amfani ba.

Ba zan yi kamar ban san abin da ya ja ka ba. Na sani.

Baba bai iya yabo ba. Maganarsa kullum ita ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsu. Ka gina sabuwar rijiyar nan kai kaɗai, gaba goma sha biyu, ka ratsa dutsen da ya kori maginan garin Lafani har sau biyu. Wata uku kana shiga da asuba kana fitowa jikinka fari fat kamar an turbuɗe ka a toka. Ranar da ruwa ya ɓullo aka miƙa wa Baba a ƙoƙo, ya kurɓa, ya ce, «To, ruwa ya samu.» Ya tambayi inda aka ajiye masa igiya. Ina kallon fuskarka a lokacin.

Shi kuwa Baturen ya zo ya leƙa, ya jefa tsakuwa ya kasa kunne, ya shafa bangon ya ga ba karkata, ya ce wa ya yi wannan? Aka nuna ka. Ya kama hannunka ya girgiza ya ce «komandabul». Ka shigo gida baki har kunne. Mai jin ƙishirwa ba ya tambayar wa ya gina rijiya, na yarda. Amma ai in ya sha ya ƙoshi yana ajiye gugan.

Kai ba ka ajiye ba. Baturen ya sami izininsa ya naɗe kayansa ya wuce, ya bar mana kai. Tuwon Hajo ekisalan. Sabon takalmin liman sifilandid. Kowa na dariya, samari suka laƙaba maka Sambo Ekisalan, kai kuma kana amsawa da jin daɗi. Na ja kunnenka ba sau ɗaya ba, na ce magana zarar bunu ce. Ka ce ni tsohuwa ce tun ban tsufa ba.

Sai ranar karsanar Arɗo Jabbi.

Ga masu leƙen takarda da ba su san shi ba, Arɗo Jabbi Bafulatani ne na wajen Amarawa, aminin mahaifinmu tun kafin a haife ni. Kowane rani a rijiyarmu yake shayar da garkensa, matansa su kawo mana nono da man shanu. Baffa muke ce masa. A rugarsa aka kai ka ka sha madara lokacin da Inna ta rasu ta bar ka kana rarrafe. Don haka kar ka ce mini ba ka san ƙa'ida ba. Kowane yaron garin nan ya san ba a ƙirga shanun Bafulatani, ba a nuna su da yatsa, ba a yaba su a gaban idonsa. In kyan ya fi ƙarfinka ka ce tubarkalla, Allah ya ƙara albarka, ka kau da kai.

Ina wurin, ina jan ruwa ta ɓangaren mata. Aka koro shanun, a cikinsu akwai wata farar karsana gudale mai cikin fari, wadda kowa ya san ita ce ran Baffa, shi ya sa ma ba wanda ke kallonta sau biyu. Kai ka saki wasakin da kake jan ruwa da shi a bakin kwamin shayar da dabbobi, ka je ka zagaya ta, ka dafa tozonta, ka ɗaga murya ka ce «sifilandid». Sau uku, Sambo. Na ƙirga.

Baffa ya dogara sandarsa yana jira. Bai san ma'anar abin da ka faɗa ba, amma ya ga idonka, ya san yabo ne, yana jiran abin da ke biyo bayan yabo. Na yi gyaran murya, na buga guga a bakin rijiya. Ba ka ko waiwayo ba. Ka koma jan ruwanka kana fito.

Kwana uku ta daina kiwo. Ido na ruwa, hanci na ruwa, ta kwanta ta ƙi tashi.

Ka dubi mutuncin da dattijon nan ya yi maka. Bai kai ƙara wurin hakimi ba, bai tara maka jama'a ba. Ya zo da hantsi shi da liman, riƙe da sabuwar ƙwarya. Abin da suka roƙa ɗaya ne, ka yi alwala a cikinta a kai ruwan a kwarara wa karsanar, yadda malamai suka ce a yi in ana zaton ido. Liman ya zauna ya warware maka a hankali. Ya ce wannan ba tuhumar maita ba ce, ido kan fita ko daga masoyi, uwa ma tana iya kama ɗanta ba ta sani ba. Ya ce shi kansa an taɓa kawo masa ƙwarya, ya wanke hannu ya ba da.

Me ka ce? Ina bayan zana, na ji da kunnena. «Ni ba maye na ba. In na wanke hannu cikin ƙwaryag ga, na amsa ke nan.»

Baba da ba ya roƙon kowa ya ce, «Sambo, ruwa na. Ruwa ɗai anka roƙe ka.» Ka tashi ka kaɗe riga ka fita.

Wannan shi ne abin da har gobe in na tuna raina yake ɓaci. Kai da sana'arka ita ce ba mutane ruwa. Kai da kake alwala sau biyar kowace rana kana zubar da ruwan a ƙasa kaji na sha. Aka roƙe ka na sau ɗaya, a ƙwarya, ka hana. Durƙusa wa wada ai ba gajiyawa ba ne. Da ka wanke hannun nan ta mutu, da kowa ya ce kwananta ya ƙare, an yi abin da za a yi. Da ka hana ta mutu da ɗa a ciki, sai mutuwar ta zama taka.

Bayan ita wata ta kwanta, bayan wannan goma. Aka ce bakinka ya shiga garken. Fulani suka ɗauke ƙafa daga rijiyarmu, suka gwammace su kora shanu har tafkin Kalmalo. In ka doso kasuwa masu fura su ja faifai su rufe, uwaye su juya goyo. Samarin da suka laƙaba maka suna su ne suka fara canja hanya. Ka daina magana, ka daina fito, ka koma cin abinci kai kaɗai a zaure. Wata safiya bayan salla ka ɗauki dagi da igiya ka fita, muka zaci yasar wata rijiya aka kira ka. Hajo ta ajiye maka fura har ta yi tsami.

To bari in ba ka labarin abin da ka gudu ka bari, ko da yake na san can ma kun gani.

Ciwon bai tsaya a rugar Baffa ba. Ya cinye shanun Amarawa, ya haura Ƙonni, ya gangara Gwandu. Fatake suka zo daga Katsina suka ce can ma haka, na Barno suka ce nasu ya riga namu. Ungulaye suka ƙoshi har suka daina sauka. Mutanen da ba su taɓa jin sunanka ba, ba su taɓa ganin Bature ba, suka wayi gari da sanda ba abin korawa. Baffa da ake cika wa garkensa kwaminmu sau shida ya tsira da saniya uku. Yanzu gero yake nomawa, in ka ga yadda yake riƙe hauya sai ka yi hawaye.

Bara da rani ya zo ya zauna a zaurenmu. Can ya ce, «Ige, bakin Sambo bai kai Barno ba.» Na ce haka ne, Baffa. Ya ƙara da cewa, «Amma da ya wanke hannun.» Duka biyun gaskiya ne, na kawo maka su yadda ya faɗa, ban rage ba.

Garin kuma, ka san mutane. Waɗanda suka rufe fura da ganinka su ne yanzu ke tambayata yaushe za ka dawo, don rijiyar na son yasa, ruwan ya fara ja. An kira maginan Lafani, suka sauka rabi suka ce numfashi na ɗauke musu, suka hauro. Yara na wasan langa suna ce wa wanda ya ci ekisalan, ba wanda ya san daga ina ta fito, ba kuma wanda ya mutu. Wato abin da ka bar gida dominsa ya ƙare tun tuni, kai kaɗai ne ba ka ji an yi sallama ba.

Baba ya rasu damina biyu da suka wuce. Na aika maka ta bakin mutum uku, ban sani ba ko ya iso. A ciwonsa na ƙarshe akwai ranar da guga ya faɗa rijiyarka, Hajo ta ɗebo ruwa a tsohuwar rijiyar masallaci. Ya kurɓa ya ture ƙoƙon, ya ce, «Wanga ba na Sambo na ba.» Ya ƙi sha har sai da aka ciro gugan. Iyakar yabon da ya iya ke nan, kuma ba ka nan balle ka karɓa.

Duk shekarun nan ina cewa girman kai ne kawai ya kore ka, ina zaginka a raina da wannan. Sai ranar da muka dawo daga wurin alƙali. Muna zaune ni da Hajo muna gurzar auduga, sai ta ajiye magurjin ta ce akwai abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Ta ce ana gobe za ka tafi, ta yi wa 'yarku Kulu wanka, lokacin tana wata huɗu. Ta shafe ta da mai, ta sa mata kwalli, ta kwantar da ita a tabarma. Ka shigo. Ta ce rabon da ta ga fuskarka ta saki tun mutuwar karsanar, sai ranar. Ka durƙusa kan 'yarka, ka buɗe baki za ka yi magana. Sai hannunta ya ja zane ya rufe fuskar yarinyar. Ta rantse mini ba ta yi niyya ba, hannun ne ya riga ta. Ka dube ta, ka rufe bakinka, ka fita.

Da ta gama ta kifa kai a gwiwa ta yi kukan da ban ga ta yi ba ko a rasuwar Baba. Ni kuma na rasa bakin zaginka, abin da bai taɓa faruwa da ni ba.

Ashe wannan ne. Ɗan'uwana, na ji ciwon abin nan kamar ni aka yi wa. Gari duka ya guje ka ka daure, na ɗakinka ne ya kayar da kai. Amma ka tsaya ka duba. Yarinya ce da haihuwar fari, kowace safiya ana kawo labarin wata saniya ta faɗi, kowace mace a bakin rijiya na ce mata ta kula da goyonta. Tsoro ne ya ja zanen nan, ba ƙi ba. Kuma wa ya bar ta da tsoron? Wanda aka kawo wa ƙwarya har gida ya ƙi.

Tunda ana tone-tone, ga nawa. Ka tuna shuɗiyar rigarka da ka tarar an yanke mata gefe, ka ce ɓera ne? Ni ce ɓeran. Ranar da ka ƙi alwalar na yanki ƙyallen na kai wa matar Baffa a ɓoye ta yi wa karsanar hayaƙi da shi. Liman bai sani ba, da ya sani da ya yi mini faɗa. Ina ce maka ban yarda kana da baki ba, amma na yanka. Don haka in hukunci kake yi wa Hajo, to ka haɗa da ni, ka haɗa da duk wanda ya taɓa jin tsoro a kan abin da yake so.

Ka san abin da matar nan ta yi a bayanka? Ita ta yi jinyar Baba wata bakwai, ta ɗaga ta kwantar, ta wanke abin da ni 'yarsa nake kau da kai. 'Yan'uwanta sun zo ɗaukarta sau biyu ta ce ba ta barin tsoho a kwance. Kaɗi take yi har yatsunta suka yi kanta, da shi take ci da kanta da 'yarka. Ba ta taɓa bari an ambace ka da mugun suna a gabanta ba, har mari ta taɓa kai wa wata a kan haka, ita da ko kaza ba ta iya kora da ƙarfi. Ba kai ka ce akwai aikin da ya cancanci a kai labarinsa gaba a yaba wa mai shi ba? To ga shi na kawo maka har Azbin. Kalmar kuma kai ka sayo ta, sai ka san inda za ka sa ta.

Kar ka ga laifin mahaifinta. Ya yi haƙurin da ni ba zan yi ba in 'yata ce. Akwai wani mutumin Lafani da matarsa ta rasu, ya aiko a ji masa in an raba auren. Ba mugu ba ne, yana da rumbu, yana da kunya, wannan ne ma ya sa hankalina ya tashi, don da mugu ne da na san yadda zan kore shi. Hajo ba ta ce tana so ba, ba ta ce ba ta so ba. Ta gaji ne, Sambo. Gajiya kuma tana sa mutum ya amsa abin da zuciyarsa ba ta kira ba.

In hakan ta faru ka san al'ada. Hajo ta tafi Lafani, Kulu ta zauna gidan ubanta, wato hannuna. Zan riƙe ta, ba a nan take ba. Amma yarinya ta tashi ba uwa ba uba alhali duka biyun suna numfashi, saboda ƙwaryar ruwa da gefen zane? Wannan in aka tambaye ni ranar gobe ban san me zan ce ba, balle kai.

Ba zan siffanta maka ita ba. Takarda ce mai bin hannun mutane, ido ya yi yawa a kanta. Abin da zan ce kawai, tana da tsayin da take leƙa randa, tana da surutun da ba daga wajen uwarta ta gado ba. Ta tambaye ni ko ubanta na cikin rijiya ne, tunda kowa in ya ambace ka can yake kallo.

Saura abu ɗaya, shi ma na daɗe ina riƙe da shi. Ni ma 'yar Baba ce, bakina ya fi saurin gyara da yabo. Ranar da ruwan nan ya ɓullo na ga fuskarka, na san abin da kake jira, na yi shiru don kada kanka ya kumbura. Da na faɗa, wataƙila da ba ka je saye a wurin Banufe ba. To ga shi, ko da ya makara. Rijiyarka ta yi kyau, Sambo. Ban ga mai gini kamarka ba, daga nan har Ƙonni. Kai gwani ne, kuma ina alfahari da kai tun kana ɗauko wa Baba kwandon ƙasa. Tubarkalla, masha Allah.

Da Hajo ta ga ina rubutu ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce ko akwai sauran wuri a takardar. Na ce ɗan kaɗan. Na sa ta maimaita sau biyu don in rubuta yadda ta faɗa: «Ki ce mai ya zaka ya ga ɗiyatai. Ba ni ruhe ta. Ya hwaɗi duk abin da yaz zo mai ga baki, da kowane halshe. Tubarkallar ni ka cewa.»

Allah ya sa takardar nan ta same ka da rai da lafiya. Allah ya tsare ka daga rushewar rami da ɗaukewar numfashi, ya tsare ka daga sharrin ido da na baki, naka da na mutane. Allah ya jiƙan Inna da Baba, ya mayar wa Baffa abin da ya rasa. Allah ya sassauta wannan taurin kan naka ko da na tsawon tafiyar kwana goma ne, ya sa ƙafarka ta riga jinjirin watan Layya isowa garin nan.

Ni ce yayarka, Ige. Na rubuta a Illela, kwana shida bayan ƙaramar salla. Ka lissafa da kanka abin da ya rage maka.